Birkin Tsohuwar Mota: A Gyara Silinda ko a Sayi Sabuwa?

Gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Zariya, har Maraɗi da Damagaram, suna da tsohuwar mota fake a ƙarƙashin rumfa: Peugeot 504 ko 404, Volkswagen Beetle, ko Land Rover irin ta malaman gona na da. Wata gadon mahaifi ce da aka kasa rabuwa da ita, wata kuma har yau ita ke kai hatsi kasuwar ƙauye. Yawansu ba abin mamaki ba ne, domin tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can shekaru masu yawa bayan an daina ƙera ta a Faransa. Idan aka tashi tayar da irin wannan mota, kuɗin kan ƙare a inji da batir da fenti. Birki kuwa sai a taka shi sau biyu a tsaye, a ce yana kamawa, a kwashi iyali a hau titi. Wannan sakacin ne ya sa na tattara shawarwarin nan, domin maigidan da ke taɓa sifana da kansa, da kuma wanda zai kai gareji amma yana son ya san abin da ake yi wa motarsa.

Aikin birkin mai ba shi da wuyar fahimta. In ka taka feda, sanda ce ke tura fistin a cikin babbar silinda, wadda makanikai ke kira masta. Masta ta matsa mai ya bi siraran fayif zuwa kowace taya. A tayar da ke da diram, man yana shiga wata ƙaramar silinda mai fistin, ita kuma ta buɗe shu ya danne cikin diram. Abin da ke riƙe duk wannan matsi wasu 'yan robobi ne masu siffar kofi da ke gogar bangon ramin silinda. Beetle da tsohuwar Land Rover galibi diram ne a tayoyinsu huɗu. Ita 504 faifai ne a gabanta, amma wagon ɗinta da a-kori-kura diram ne a baya.

1. Fara gano silindar da ke da laifi kafin a kwance komai. Zauna a mota, inji a kashe, ka taka birki da matsakaicin ƙarfi, ka riƙe kamar rabin minti. Idan feda tana nutsewa sannu a hankali har ƙasa alhali babu ɗigon mai ko'ina, robar masta ce ta gaji, mai yana zillewa ta gefenta a can ciki. Idan fedar ta yi laushi amma ta ƙara tauri bayan taku uku ko huɗu, ko dai iska ce a layi, ko shu ya yi wa diram nisa. Daga nan ka durƙusa ka leƙa bayan kowace taya. Jiƙa a gindin farantin da ke bayan diram alama ce ta silindar taya, sai dai a tayar baya a lura, domin man giya ma yakan tsiyayo ta wurin idan robar aksul ta mutu. Man giya yana da kauri da wari mai ƙarfi. Man birki tsinkakke ne, kuma ruwa yana wanke shi. In an cire diram, a ɗaga robar ƙurar da ke bakin silinda da yatsa. Ya kamata a tarar da ƙarƙashinta a bushe. In mai ya taru a wurin, silindar ta fara yoyo ko da bai kai ga zubowa waje ba.

Akwai kuma man da ke ɓacewa ba a ga inda ya bi ba. A motar da ke da busta, wato baƙar tukunyar nan da masta ke ɗaure a jikinta, man yakan tsiyaya ta bayan masta ya taru a cikin bustar, wani lokaci inji ya zuƙe shi ya fito da farin hayaƙi ta salansa. A wadda ba ta da busta, ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba gindin feda. Motar da ke fizgewa gefe guda in an taka birki kuwa, sau da yawa ɗaya gefen ne bai kama ba, saboda fistin ya maƙale ko shu ya jiƙe.

2. Ka san cewa zama ne ya fi kashe silinda, ba tafiya ba. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar laima daga iska, ta ɗan hujin murfin kofin mai har ma ta jikin tiyon roba. Damina ɗaya bayan ɗaya ruwan yana ƙaruwa, ya haddasa tsatsa a ramin silinda, musamman ta ƙasa inda datti ke kwanciya. Motar da ke fita kullum robobinta suna share ramin. Wadda ta shekara biyar a fake, fistin ɗinta yakan manne, roba ta bushe, tsatsa ta ci ƙarfe.

Ruwan yana da wata illar da ta fi wannan saurin kisa. Ƙa'idar DOT 3 ita ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuma 230. In man ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin 100, iyakar takan sauko zuwa 140 da 155. Direban da ke gangara Hawan Kibo da kaya, ƙafarsa a kan birki tun daga sama, zai iya kai tsohon mai ga tafasa. Mai in ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai feda ta tafi ƙasa babu kamu. Bayan mota ta huce birkin ya dawo kamar ba abin da ya faru, shi ya sa ake yawan ɗora laifin a kan abin da ba shi ba.

3. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai, kuma bulon siminti ba madogara ba ce, yana rugujewa ba tare da gargaɗi ba. A sa ƙafar ƙarfe ko kututture mai ƙwari, a tare sauran tayoyin da dutse. Sannan a kula da baƙar ƙurar da ke cikin diram. Tsofaffin shu da yawa an yi su ne da asbestos, wanda shaƙarsa ke jawo tabon huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Kada a hure ta da baki ko da iskar injin faci. A jiƙa ta da ruwa, a goge da tsumma, a ƙulle tsumman a leda a zubar. A kori yara daga wurin har a gama.

4. Wurin kwancewa ne ake yawan yin ɓarnar da ta fi ta asali. Ɗauki hoton shu da sifirin da wayarka kafin ka taɓa komai, kuma ka gama gefe guda kafin ka buɗe ɗayan, don ya zame maka abin dubawa. Notin da ke ɗaure fayif a bayan silinda mai taushi ne, sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye masa kusurwa nan da nan. Akwai sifanar da aka yi domin shi, zobe ce mai tsaga a gefe wadda fayif ke shiga ta ciki. A fesa man sassauta tsatsa tun ana gobe za a yi aikin. In noti ya fara juyawa tare da fayif, dakata, domin za ka murɗe fayif ɗin ya tsinke. Haka ɗan notin fitar da iska: rami ne a cikinsa, ƙarfi kaɗan ke karya shi. Gara ka gwada sassauta shi tun silindar tana ɗaure a mota, domin in ya karye a ciki, sau da yawa maganar gyara ta ƙare, sai saye.

5. Ramin silinda ne zai yanke hukunci tsakanin gyara da saye, ba abin da ke aljihunka ba, ba kuma saurin da makanike ke yi ba. Wannan ita ce shawarar da na fi so a riƙe. Kit, wato 'yan robobin da ake sayarwa a leda, yana da arha ƙwarai, shi ya sa da zarar silinda ta yi yoyo sai a zare tsohuwar roba a cusa sabuwa a mayar. Ranar birki zai yi kyau. Amma idan bangon ramin yana da ƙananan ramukan tsatsa, leɓen sabuwar robar zai riƙa bi ta kansu a kowane taku, yana yagewa kaɗan-kaɗan, kuma ba za a daɗe ba mai zai sake jiƙa shu. An biya kuɗin aiki sau biyu ke nan, in Allah ya tsare ba a yi hatsari a tsakani ba.

Ga yadda ake dubawa. A fitar da fistin da roba da sifirin, a wanke ramin, a share shi ya bushe, a ɗaga shi ga hasken rana ko a haska tocila ta ɗaya bakin. Baƙin tabo da dattin da ya daskare ba laifi ba ne, suna fita. Abin nema shi ne rami ko zane. Bi bangon da farce a hankali, musamman daidai inda roba ke kai da komo. Duk abin da farce ya maƙale a ciki, roba ma za ta maƙale. Tsatsar da ke can bakin silinda, inda roba ba ta kaiwa, ana iya yafe mata. Wadda ke kan hanyar roba ba a yafe mata.

Idan silindar baƙin ƙarfe ce kuma tabon sama-sama ne, ana goge ta da abin gogar rami mai 'yan duwatsu da ake ɗaurawa a injin huda, ko da samfefa mai laushi sosai da aka naɗe a sanda, ana jiƙawa da man birki. A goga da zagaye, ba da tsawo ba, domin zanen da ya bi tsawon rami hanya ce da mai zai bi ya fita. Kuma a yi kaɗan. Gogewa tana share datti ne, ba ta cike rami, kuma duk wanda ya ce zai goge har ramin tsatsa ya ɓace faɗaɗa silindar yake yi. Bayan an gama, a mayar da fistin a gwada ratar da ke tsakaninsa da bango da siraran ƙarafan nan na saita bawul. Littattafan gyaran tsofaffin motoci da yawa suna sa iyaka a wajen milimita 0.15. In ya wuce haka, matsi zai tura bayan roba cikin ratar ya tsinke ta. Silindar alminiyam kuwa ba a goge ta sam, domin fuskar raminta tana da wata tauraruwar fata siririya, in aka kankare ta ƙarfen da ke ƙasa ba ya jure guga.

Saboda haka: rami sumul, a sa kit. Rami mai tsatsa kuma akwai sabuwa a kasuwa, a saya, kada a tsaya ciniki da rai. In motar ta tsufa har ba a samun silindarta, akwai hanya ta uku. Masu injin sassaƙar ƙarfe suna iya faɗaɗa ramin su dasa masa siririn bututu na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, su mayar da shi daidai awonsa na asali, su sake huda ƙofofin mai. Masu adana tsofaffin motoci a Ingila da Amurka haka suke yi, kuma aikin in ya yi kyau yakan fi na asali daɗewa. Amma aikin gwani ne mai ma'auni, ba na kowane mai walda ba.

Idan gareji ka kai, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Oga, don Allah a nuna mini cikin silindar kafin a sa kit." Makaniken kirki zai miƙo maka ita da kansa.

6. Fetur, kananzir, man gas, baƙin mai da giris na yau da kullum duk haramun ne ga cikin silinda. Robar birki an yi ta ne don ta zauna da man birki, kuma ɗan abin da ya samo asali daga fetur in ya taɓa ta sai ta kumbura ta yi laushi. A gareji da yawa kwanon fetur ɗaya ne ake wanke komai a ciki, daga kafireto har masta, to a nan sai ka sa ido. A wanke da sabon man birki, ko sifirit, ko abin fesawar da aka yi don wanke birki. Mai aikin ma ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya ɗauki sabuwar roba.

7. In za ka kasuwa, tafi da tsohuwar a hannu. Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Suame a Kumasi, sunan mota da shekararta ba su isa ba, domin a shekara arba'in an sha sauya mata kaya. Dubi jikin silindar, yawanci akwai sunan maƙerinta da lambar awonta: Bendix, Girling, Lockheed ko ATE. Kit ɗin wani ba lallai ya zauna a ta wani ba, ko da faɗinsu ɗaya.

Faɗin rami ba abin wasa ba ne. A Beetle, alal misali, silindar gaba milimita 22 ce, ta baya kuwa 19 ko 17 gwargwadon shekarar motar. An yi haka ne da gangan don gaba ya fi baya kamu. Wanda ya sa silinda mafi faɗi a baya don ita ya samu, tayoyin baya za su riƙa kullewa kafin na gaba, mota ta juya da shi a kan jiƙaƙƙen titi. Wanda ya sa masu faɗi daban a hagu da dama kuwa, ya sayi fizga da kuɗinsa.

Ban ga hikimar sayen silinda ta Beljiyam a ɗaura yadda take ba. Ita ma daga jikin wata tsohuwar mota aka ciro ta, ta kuma yi zaman kwantena. In ita kaɗai ta samu, a buɗe ta a yi mata binciken shawara ta 5, a sa mata sabon kit. Haka kit ɗin da ya shekara ashirin a kanta: lanƙwasa robar ka gani, in ta yi tauri ko ta nuna tsaga, bar ta. Sabuwar silinda mai arhar da ta wuce hankali ma a zare fistin a leƙa, domin akan tarar da ɓurɓushin ƙarfe a ciki.

8. Wajen haɗawa, leɓen kofin roba yana fuskantar mai ne, wato ciki, wajen sifirin, bayansa kuma ya jingina da fistin. Matsin mai shi ke buɗe leɓen ya manne da bango. In aka juya shi, ba zai riƙe komai ba. A jiƙa roba da rami da sabon man birki, a tura da yatsa kawai, ban da sukudireba. Robar ƙura ta zauna daram, domin ita ke hana ƙurar hunturu da ruwan kwata shiga.

9. Masta tana da nata sharuɗɗan. A ƙasan kofin mai akwai wani ɗan huji da bai fi bakin allura ba, ta nan mai ke komawa idan ka saki feda. In datti ya toshe shi, ko roba ta kumbura ta rufe shi, ko an ƙara wa sandar feda tsawo fiye da kima, birki zai riƙa kama kansa yayin da mota ta ɗauki zafi, har ta tsaya cak a hanya, diram yana ƙauri. Shi ya sa dole feda ta kasance da ɗan wasa a sama kafin ta fara tura fistin. A Beetle wasan milimita 5 zuwa 7 ne a kan feda. Kada a taɓa tsawon sandar nan don neman birki ya "hau sama", ba nan ake neman sa ba, a saitin shu ake nema.

Kafin a ɗaura masta, sabuwa ko gyararriya, a cika ta da mai a kan tebur, a riƙa tura fistin a hankali har kumfa ta daina fita. Yin haka yana rage wahalar fitar da iska daga baya sosai. In an tarar da mai a cikin busta, a tsotse shi, a kuma duba lafiyarta.

Sannan ka ƙirga fayif da kofin da ke kan mastarka. Tsofaffin motoci da yawa, irin su Beetle ta farkon shekarun 1960 da Land Rover da dama, layi ɗaya gare su: roba guda in ta fashe a kowace taya, birki ya tafi gaba ɗaya. Saboda wannan haɗari ne Amurka ta wajabta layi biyu a motocin da aka ƙera daga 1968. Mai mota mai layi ɗaya ba shi da damar yin sassauci a kan komai a nan, kuma birkin hannunsa dole ya kasance mai tsayar da mota da gaske. Ni a masta mai layi ɗaya, in akwai sabuwa ta kirki, saye nake ba da shawara ko da ramin ya yi kyau a ido.

10. Abin da aka yi wa hagu a yi wa dama. Silindu biyun shekarunsu ɗaya, man da ya ci wannan shi ya ci waccan. Shu ɗin da ya sha man birki kuma ya tashi aiki. Ana wanke shi da fetur, wasu har su cinna masa wuta su ce ya bushe, amma man ya riga ya shige ciki, zafi zai sake fito da shi. A sauya shu na tayoyin biyu tare.

Tiyon roba da ke haɗa fayif da taya shi ma a duba shi a wannan zaman. Wani lokaci wajensa lafiya lau, cikinsa kuwa ya kumbura, yana barin mai ya tafi da ƙarfin ƙafa amma ba ya barin sa ya dawo, sai taya ɗaya ta riƙa ɗaukar zafi a zargi silinda. Tiyon da ba wanda ya tuna ranar da aka sa shi, a sauya.

11. Zaren noti iri biyu ne, kuma suna kama da juna har su ruɗi gwani. Motocin Faransa da Jamus na milimita ne, yawanci M10 mai tazarar 1. Tsohuwar Land Rover da 'yan'uwanta na Ingila na inci ne, 3/8. Notin inci yana shiga ramin milimita, har ya yi kamar ya ɗauru, amma sako-sako ne, kuma taku mai ƙarfi zai iya fizge shi. Bakin fayif ma iri biyu ne, mai kumburi da mai buɗewa kamar mazurari, kowanne da irin mazauninsa. Fara ɗaura kowane noti da yatsu, zagaye uku ko huɗu, kafin sifana ta taɓa shi. In ya ƙi tafiya da yatsu, akwai dalili.

Fayif da ya yi tsatsa a sauya shi duka, ba a yi masa faci ko walda, ba a kuma haɗa shi da tiyon fetur. Haka dabarar nan ta hanya, ta toshe layin taya ɗaya da ƙusa ko a daddaƙe fayif da guduma don a isa gida: in ka sayi tsohuwar mota ko ka gaje ta, bi layukan nan huɗu da ido, domin akan tarar an yi hakan shekaru da suka wuce an manta.

12. Karanta murfin kofin mai. DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna gauraya, kuma DOT 4 ya wadatar da yawancin motocin nan. DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da su duk da kamannin suna. Tsofaffin Citroën da yawa kuwa koren mai suke sha mai suna LHM, wanda in aka zuba shi a Peugeot zai lalata duk wata roba da ke layin, haka ma in aka yi akasin haka. Sayi gwangwani mai hatimi, ƙarami, wanda za ka ƙarar. Ruwan omo da wasu direbobi ke ɗurawa in mai ya ƙare a daji yana tafasa a wajen digiri 100, yana kuma cin ƙarfe. Motar da aka taɓa yi wa haka sai an wanke layinta kaf an buɗe kowace silinda. Man birki yana cin fenti, in ya zuba a jikin mota a kwarara masa ruwa nan take.

13. Fitar da iska aikin mutum biyu ne. A fara saita shu ya matso kusa da diram, in ba haka ba feda ba za ta taɓa yin tauri ba ko an ƙarar da galan. A saƙala siririn tiyo mai nuna ciki a kan notin iska, ɗaya bakin a nutse cikin kwalba mai ɗan mai. Na ciki ya taka a hankali ya riƙe, na ƙasa ya buɗe ya rufe, sannan ya ce a saki. In aka saki kafin a rufe, iska ta koma. A riƙa cika kofi kada ya ƙafe, kuma man da ya fito ba a mayar da shi.

Ƙa'idar da aka saba ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da masta. A mota mai sitiyari a hagu, baya ta dama ke nan, sai baya ta hagu, sai gaba ta dama, a ƙare da gaba ta hagu. Motocin da suka shigo Najeriya kafin a koma tuƙi ta hannun dama a 1972 sitiyarinsu a dama yake, don haka lissafin yakan juya. In littafin motar ya faɗi wani tsari, shi za a bi. Wasu motocin, har da 504, suna da bawul a baya da ke rage matsi idan babu nauyi, saboda haka in an ɗaga mota tayoyin baya suna reto, mai ba zai fito sosai ba. A bar nauyinta a kan aksul.

In silindar taya kaɗai aka sauya aka bar tsohuwar masta, sa guntun katako a ƙarƙashin feda. Ba tare da shi ba, feda za ta kai fistin can ƙuryar ramin da bai taɓa zuwa ba, inda tsatsa ta taru, robar ta yage. Wannan ne dalilin da ya sa masta ke yawan mutuwa kwana kaɗan bayan an gyara birkin taya.

14. Gwaji a tsaye yake farawa: taka da iyakar ƙarfinka ka riƙe minti guda, feda kada ta motsa. Sauko ka shafa kowace mahaɗa da busasshen yatsa. Sai a fita fili ko layin da babu yara, a gwada da gudun da bai wuce tafiyar ƙafa ba, sannan a ƙara gudu kaɗan, hannu sako-sako a kan sitiyari don a ji ko tana fizga. Bayan 'yar tafiya a kai hannu kusa da kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi tana kamawa. Sabon shu yana buƙatar 'yan kwanaki kafin ya kwanta da diram, daga nan a sake saiti. A mako na farko duba kofin mai kowace safiya, kuma kada a ɗauki iyali ko a hau doguwar hanya sai an ga bai ragu ba.

15. Ragowar mai a ɗaure bakinsa a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma kada a juye shi a gorar lemo ko ta ruwa. Guba ne, shan sa yana lalata ƙoda, kuma yaron da ya sha asibiti za a kai shi nan take. Al'adar shafa shi a ciwo ko ƙuna ko ƙyasbi ma a daina, ba magani ba ne. Ita kuma motar, ko ba a da inda za a je, a tayar da ita a zaga unguwa ana taka birki aƙalla sau biyu a wata. Rubuta ranar da aka yi aikin nan a takarda ka ajiye tare da takardun mota, kuma duk shekara biyu a zubar da man birkin gaba ɗaya a zuba sabo, ko ta yi tafiya ko ba ta yi ba.